Tambayi Mai Gyara: Na sauya kwamfuta, imel da firinta sun yi yaji

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da na ware wannan karon duk ciwonsu ɗaya, an sayo sabuwar kwamfuta an yi murna, sai imel ya ƙi tafiya ko firinta ta ƙi amsawa. Ban yi mamakin yawansu ba, don tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 ofisoshi da shaguna suka fara rige-rigen sauya injina, tunda da yawa cikin tsofaffin ba su da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke nema. Ga na farko daga cikin garin Sakkwato.

TAMBAYA: Salam Malam, ina gaisuwa da fatan an tashi lahiya. Ni sakatariya ce a wani kamfanin 'yan kwangila nan Gawon Nama, oga yas sayo mani sabon laftof satin da ya wuce don tsohuwar desktof ɗin ta gaji sai ta daɗe tana juyi ba ta buɗe ba, to yaron da yaz zaka yai muna setin ya sa Outlook amma wallahi saƙonnin da nig gani na kwana-kwanan nan ne kawai, duk na shekarun baya babu su har da takardun da munka aika ma ma'aikatu, kuma foldar Sent wayam. Na biyu in an aiko mani saƙo yana shigowa amma in ni na aika sai ya maƙale cikin Outbox. Na ukku akwai Gmail ɗin oga da nike duba mai, shi kuma faswod ɗin da muke shiga da shi a waya Outlook ya ƙi karɓa kuma wallahi daidai nike rubutawa. Oga ya ce jibi za a goge tsohuwar kwamfutar a ba ɗanai. Mi za ni yi? Daga wata 'yar'uwa, Gawon Nama.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ki je ki roƙi oga kar kowa ya taɓa tsohuwar desktof ɗin, yaro ya yi haƙuri. Saƙonninki ba su ɓata ba, suna cikinta, kuma in an goge ta to an goge su ke nan, ba wanda zai dawo maki da su daga intanet.

Abin da ya faru shi ne hanyoyi biyu ne Outlook ke ɗauko saƙo daga saba (wato kwamfutar masu riƙe imel a intanet), POP da IMAP. Shi POP kwasowa yake yi ya zuba cikin kwamfuta, kuma a setin da Outlook ke zuwa da shi tun na 2010, kwafin da ya rage a saba kwana 14 kawai yake yi a share shi. Shi ya sa kika ga na kwana-kwanan nan kaɗai, su ne ba a kai ga sharewa ba. Su kuwa waɗanda kika aika, a tsarin POP ba su taɓa zama a saba ba tun farko, a cikin kwamfutarki kawai ake aje su, dalilin Sent ɗinki ya zama wayam ke nan. IMAP shi a saba yake barin komai, waya da laftof da desktof duk abu ɗaya suke gani.

To ga yadda za ki kwaso su. Ki kunna tsohuwar, ki buɗe Outlook, ki shiga File, sannan Account Settings, sannan Data Files. Nan za ki ga inda fayil ɗin yake, sunanshi na ƙarewa da .pst, galibi cikin Documents a foldar Outlook Files. Ki rufe Outlook gaba ɗaya tukuna, in yana buɗe fayil ɗin ba zai yarda a kwafe shi ba, sannan ki kwafe zuwa filash. Wani abu da ke yawan tsayar da mutane a nan: in fayil ɗin ya wuce 4GB, wanda ba abin mamaki ba ne ga ofishin da ke aika takardun kwangila shekara da shekaru, filash ɗin da ke kan FAT32 zai ce maki fayil ya yi girma alhali akwai wuri. Ki nemi wani filash ɗin da ba komai ciki a yi mashi fomat zuwa exFAT ko NTFS, ko ki yi amfani da hadis (hard disk) na waje. A sabon laftof ki aje fayil ɗin cikin Documents, ki shiga File, Open & Export, Open Outlook Data File, ki nuna mashi. Tsofaffin foldojin za su bayyana a gefen hagu. In kin ga .pst fiye da ɗaya a tsohuwar, misali wanda aka sa ma suna archive, duk ki kwaso, kar ki zaɓa.

Ki lura Windows 11 na zuwa da wani sabon Outlook, kuma ba shi nake nufi ba. Ki nemi wanda ke cikin Office, mai ɗauke da kalmar classic a gefen sunanshi, shi ne ya san aiki da .pst sosai. Ni dai a aikin ofis har yanzu tsohon na fi yarda da shi, ra'ayina ne.

Maganar Outbox kuwa, karɓa da aikawa ƙofofinsu daban, shi ya sa ɗaya ke iya aiki ɗaya na kwance. Aikawa ta SMTP ake yi. Tunda tsohuwar kwamfutar na nan, kar ki wahalar da kanki da cinke, ki buɗe setin akawun ɗin a can ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki, musamman More Settings, shafin Outgoing Server da na Advanced, ki zo ki cike na sabon daidai da shi. Abin da na fi samu shi ne ba a sa alama a akwatin da ke cewa sabar aikawa na buƙatar authentication ba, ko kuma an bar lambar fot, wato ƙofar da saƙo ke bi, a 25, wanda kamfanonin intanet da yawa ke toshewa saboda masu aika saƙonnin banza. Ki sa 587 da STARTTLS, ko 465 da SSL. Na karɓa kuwa IMAP 993 ne, POP 995. Kuma tunda dai ana sabon gini, gara a sa akawun ɗin a IMAP wannan karon, sai dai ki tambayi masu riƙe maku imel ɗin kamfani nawa ne girman akwatinku, don in ƙarami ne zai cika ya fara mayar da saƙonnin mutane.

Na Gmail ɗin oga ba laifin yatsunki ba ne. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ta daina yarda manhaja ta shiga akawun ɗin mutum da suna da faswod zalla. Sabbin Outlook sukan buɗe shafin Google ne ki shiga ta can ki ba da izini, amma in yaron nan Office 2010 ko 2013 ya zuba maki, kamar yadda masu instol ɗinmu suka saba, to su ba su san wannan hanyar ba, sai su yi ta tambayar faswod har ki gaji. Mafita, oga ya shiga akawun ɗinshi na Google, sashen Security, ya kunna 2-Step Verification, sannan ya ƙirƙiri App password. Haruffa 16 ne za a ba shi, su za ki sa a Outlook a madadin faswod ɗin da kuka sani. Saba imap.gmail.com a 993, smtp.gmail.com a 587. Yahoo ma haka suke yi, Outlook.com da Hotmail kuwa tun Satumba 2024 suka rufe tsohuwar hanyar.

Abu ɗaya na ƙarshe, ki dubi agogon laftof ɗin. In na hannu ne daga waje, sau da yawa da lokacin Amurka yake zuwa ko ma kwanan wata ya koma shekarun baya saboda ƙaramin batirin ciki ya mutu, kuma in kwanan wata ya kauce sai imel ya riƙa kukan satifiket. Ki sa shi a West Central Africa, UTC+1.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Biznes senta gare ni hanyar Dundaye, yawancin kwastomomina ɗaliban jami'a na masu buga furojet. Firinta HP LaserJet mai kebul ɗin netwok nike da ita, an jona ta ga rauta, kwamfuta ukku na bugawa gare ta. Na sayo sabuwar desktof mai Windows 11, ranar farko da kanta ta gano firintar munka yi ta bugawa lahiya lau, amma tun da anka ɗauke wuta munka tada janareta sai ta koma Offline, sauran biyun tsofaffi kuma suna bugawa abinsu. In na goge ta na sake sakawa sai ta yi aiki, gobe in an ɗauke wuta mu koma gidan jiya, yanzu haka firinta huɗu ke jere cikin jerin, Copy 1 Copy 2 har Copy 3. Ga lokacin difens ya matso ɗalibai sun cika shago. Ko direba na ba daidai ba? Daga mai shago, hanyar Dundaye.

AMSA: Ɗan'uwa sannu da fama, na san zafin a ce ɗalibi na tsaye kanka da filash a hannu yana cewa sufabaizanshi na jira. Ba direba ba ne. Da direba ne da ranar farko ma ba za ta buga ba, ko ta bugo maka shirmen alamomi shafi bayan shafi. Matsalarka adireshi ce.

Duk abin da ya hau rauta, waya ko kwamfuta ko firinta, rautar ce ke ba shi lambar IP, kuma aro take ba shi. Kamar lambar layi a asibiti, wanda ya riga zuwa da safe shi ke karɓar ta farko, gobe in ka makara wata lambar za ka samu. In an ɗauke wuta komai ya mutu, ka tada janareta, wayoyin yaran shago da na ɗalibai sun riga firinta hawa saboda ita sai ta ɗumama tukuna, sai ta tashi da wata lambar daban, kwamfuta kuwa tana can tana aika aiki ga lambar jiya. Sannan in Windows ta gano firinta da kanta, galibi ta wani fot da ake kira WSD take haɗa su, wanda a takarda ya kamata ya bi firinta duk inda ta koma, amma a shago mai kashe-kunna sau da yawa a rana na sha ganin ya rikice ya nuna Offline alhali firinta na nan da ranta. Su tsofaffin naka biyu ka duba shafin Ports ɗinsu, zan yi mamaki in ba da sunan firintar wanda ya yi maka setin farko ya haɗa su ba, shi ya sa canjin lamba bai dame su.

Ga aikin. Da farko ka sa firinta ta bugo maka shafin bayanin netwok ɗinta, yana cikin menu wajen Reports ko Network, a nan za ka ga IP ɗinta, misali 192.168.0.105. In ka ga ya fara da 169.254 to ba ta ma samu lamba daga rauta ba, ka duba kebul, ka cire ka hure ƙura, kai ma ka san abin da ƙurar hunturu ke yi ma ramukan nan a Sakkwato. A sabuwar kwamfutar ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig, lambobi ukku na farko su zama iri ɗaya da na firinta. In firinta na 192.168.0 kwamfuta na 192.168.8 to ba kan netwok ɗaya suke ba, wataƙila desktof ɗin ta maƙale ga MiFi ɗinka ta Wi-Fi ta bar rautar shago. Sannan ka rubuta ping da lambar firintar, in ka ga Reply hanya a buɗe take.

Sai ka kafe lambar wuri ɗaya. Ko dai ka shiga rautar, wajen DHCP akwai Address Reservation, ka ɗaure wannan lambar ga firintar, ko kuma ka rubuta IP ɗin firintar a burauza, shafinta zai buɗe, ka mayar da setin daga otomatik zuwa Manual ka ba ta lambar da rauta ba ta rabawa. Misali in rautar na rabawa daga 100 zuwa 199, ka ba firinta 192.168.0.50. Na fi son ta biyun, don ko rautar ta manta setinta firinta ba ta mantawa. Ka rubuta lambar jikin salatif ka manna a gefen firintar.

Yanzu ka goge duk Copy ɗin nan. Ka shiga Settings, Bluetooth & devices, Printers & scanners, Add device, ka ɗan jira har Add manually ya fito, ka zaɓi saka firinta ta IP address, nau'in na'ura ka zaɓi TCP/IP Device kar ka bar shi a Autodetect don kar ya sake kai ka WSD, ka rubuta lambar. In bayan haka ta sake nuna Offline alhali ping na amsawa, ka je Printer properties, Ports, Configure Port, ka cire alamar SNMP Status Enabled. Ka kuma kashe Let Windows manage my default printer, shi ke sa aiki ya tafi ga firintar da aka yi amfani da ita ƙarshe. In akwai ayyukan da suka maƙale a layi sun ƙi goguwa, ka buɗe services.msc ka tsayar da Print Spooler, ka share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake tada shi. Kar ka manta tsofaffin biyun, in da lamba aka haɗa su sai ka gyara masu zuwa sabuwar.

Tunda furojet kake bugawa ka duba girman takarda. Kwamfutar da ta zo da setin Amurka a Letter take, mu kuma A4 muke sawa, Letter ta fi faɗi kaɗan A4 ta fi tsawo, ita A4 210 da 297 milimita ce. Shi ke sa firinta ta tsaya tana neman a sa mata Letter, ko lambar shafi ta gusa, a mayar da ɗalibi ya sake bugu. Ka gyara a Printing preferences da kuma cikin Word.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Makarantar Islamiyya ce a Tambuwal, firintarmu HP P1102 ta USB tana jone ga kwamfutar ofishin shugaban makaranta anka yi sharin ɗinta. Tsohon laftof ɗina yana bugawa ta nan, sabon kuwa sai ya ce Windows cannot connect to the printer, 0x0000011b. Jarabawa ta kusa. Daga malamin aji, Tambuwal.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara ilimi. Lambar nan ta yaɗu ne daga Satumba 2021, bayan Microsoft ta ƙara tsaro a tsarin bugawa saboda ɓarakar da aka sa ma suna PrintNightmare, tun daga lokacin in kwamfuta ɗaya na da afdet ɗayar an daɗe ba a yi mata ba sai su kasa fahimtar juna. Ku sayi data ku yi ma duka biyun afdet, ka tabbatar netwok ɗin a Private yake a kowacce ba Public ba, kuma an kunna File and printer sharing. In ta ƙi, ka sauke direban P1102 mai 64-bit daga shafin HP, don Windows 11 ba ta da 32-bit sam, ka yi instol, sannan Add manually, ka zaɓi local printer, Create a new port, Local Port, ka rubuta \\sunan-kwamfutar-ofis\sunan-firinta daidai yadda aka yi sharin. Za ka ga ana yawo da dabarar canza wani abu a registry, tana aiki, amma ƙofar da aka rufe ce kake sake buɗewa, ban ba ka shawararta a kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai ba. Kuma ka sani duk ranar da kwamfutar ofis ke kashe ba bugu. In naku P1102w ce, mai w a ƙarshe, tana da Wi-Fi, ku hau da ita kan rauta kai tsaye ku huta, amma 2.4GHz kawai take gani.

TAMBAYA: Yaro ina gaisheka. Ina da babban injin fotokwafi a shagona cikin kasuwa, da can in munka yi sikanin takarda kai tsaye take faɗawa cikin kwamfuta, tun da jikana ya canza muna kwamfuta sai injin ya yi ƙara ya fiddo takardar error. Bugawa dai tana yi. Daga wani dattijo, babbar kasuwa.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba Alhaji, ina amsawa, Allah ya ƙara girma. Injin lafiyarshi ƙalau, har yanzu tsohuwar kwamfutar yake nema. A cikin littafin adireshinshi an rubuta sunanta da foldar da zai zuba sikanin da sunan mai shiga da faswod, yanzu kuwa duk sun canza. A sa jikan ya buɗe folda a sabuwar, misali C:\Scan, ya yi sharin ɗinta da izinin rubutawa, ya buɗe akawun na cikin kwamfuta mai faswod don injin kaɗai, ba PIN ba, injin bai san PIN ba, sannan ya rubuta IP ɗin injin a burauza ya shiga Address Book ya gyara bayanan. Ita ma kwamfutar a kafe mata lamba kamar yadda na yi bayani a sama.

In an yi duk wannan ya ƙi, to injin tsoho ne mai magana da SMB1, tsohon tsarin sharin fayil a netwok, wanda Windows ta daina kunnawa da kanta tun 2017. Ana iya kunna shi ta Windows Features, amma ta nan cutar WannaCry ta bi ta shiga kwamfutocin duniya a Mayun 2017, kuma shagon da kowa ke kawo filash ba wurin wannan kasada ba ne. A tambayi mai gyaran injin ko akwai sabon famwaya, wato manhajar cikin injin, da ke ƙara SMB2. In babu, yawancin injinan nan na da ramin USB a gefe, a yi sikanin zuwa filash a kai kwamfuta, ko a saita shi ya aika ta imel da App password ɗin Gmail a fot 587, sai dai saƙon Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB, don haka takardun fili masu shafuka da yawa a rage su zuwa 200 dpi baƙi da fari.